Kwalbar da Inna ta Binne

Na daɗe ina cewa ba zan rubuta wannan ba, don na san abin da za a ce: har yanzu Sabi'u bai dawo hayyacinsa a kan kare ba. To, a faɗa. An faɗa a ƙofar masallaci, an faɗa a teburin mai shayi, an faɗa a gidan suna, ƙarin wuri ɗaya ba zai rage ni da komai ba. Ina rubutawa ne saboda mai dabba, kare ne ko akuya ko jaki, wanda wata rana likita zai miƙa masa 'yar kwalba ya ce a kai gwaji. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa kam ya riga ya cinye.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya yi maka addu'a daga tasa. Gidanmu gida ɗaya ne, sassa uku: Inna mahaifiyarmu, da wana Yaya Habu da iyalinsa, sai ni da matata Rabi. Ni ne auta. Da rani muna noman albasa a bakin rafi, garkata tana manne da ta Yaya.

A can rafin Jatau yake zaune. Jan kare ne, kunnensa ɗaya a karye, ba shi da kyan da za a kalla sau biyu. Amma ya san iyakarsa fiye da mutane da yawa. Bai taɓa sa ƙafa a zaure ba, bai taɓa kai baki randa ba. In ya rako ni gida, a bayan danga yake tsayawa har in fito. Shekarar da ɓarayi suka yi ta kwashe injinan ban-ruwa a rafinmu, injina biyu kaɗai suka tsira a layinmu, nawa da na Yaya. Ku riƙe wannan, don Yaya shi bai riƙe ba.

Abin ya fara ne lokacin dashen albasa. Na ga in na ba shi ƙanzon tuwo yana ɗauka yana saki, yana kuma yawan atishawa. Wata safiya na ga ɗigon jini a kan buhun da yake kwanciya. Na ɗaga leɓensa na sama, sai ga wani tsiro ja a dasashi, can wajen hanci, kamar ƙaramin tumatir da ya fara fashewa. Na taɓa, ya yi jini. Jatau bai ko yi gurnani ba, wutsiya kawai ya kaɗa.

A makon farko kowa a garin ya zama likita. Wani ya ce ƙaya ce, in matse. Wani ya ce in shafa toka da man shanu. Kawunmu ya ce a ɗora lauje a wuta a yi masa lalas, haka ake yi wa jaki. Mai gyaran babur ya ba ni baƙin mai a gwangwani kyauta, ya rantse babu ciwon dabbar da ya gagare shi. Toka da man shanu kawai na gwada, Jatau ya lashe man ya bar min tokar. Zuwa mako na uku tsiron ya ture leɓe ya leƙo waje, kare ya fara ramewa.

Na ce zan kai shi asibitin dabbobi a Kano. Yaya ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kano? Kare? Sabi'u, ka faɗa a hankali kar yara su ji."

Direbobin bas na tasharmu ma haka suka ji da ni. Ɗaya ya ce ko kujera huɗu zan biya ba zai ɗauka ba, yana da fasinjoji masu alwala. Ɗanladi mai a-kori-kura, wanda ke kai tumatir birni, shi ya tausaya min. Muka sa Jatau a kwando, muka rufe da buhu, muka ɗora shi can saman kaya. Allah ya saka wa Ɗanladi da alheri a kan wannan tafiyar. Ta biyun za mu zo kanta.

A asibitin na tarar da layi: masu raguna, wata mata da kaji a kwali, da direbobin manya riƙe da karnuka masu gashi kamar tumaki, kowane da tawul ɗinsa. Ni kuma ga nawa a kwandon tumatir. Tun hantsi muke zaune, sai bayan azahar aka kira mu. Likitar mace ce, gajeriya, mai magana da sauri. Ba ta yatsine fuska ba. Ta tambayi sunansa, ta kira shi da sunan, ta sosa masa bayan karyayyen kunnen. Ta ce a cire tsiron a yau don ya samu ya ci abinci. Aka yi masa allurar barci, aka shige da shi, ni kuma na zauna a benci ina jan carbi, ina jin kunyar kaina, ina kuma ci gaba da ja.

Da aka gama ta fito da wata 'yar kwalba mai murfin roba. A ciki akwai ruwa fari mai yajin wari, da yankin nama yana lilo.

"Malam Sabi'u, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Wuƙa abin da ido ya gani kawai take cirewa. Ina zargin abu biyu. Akwai irin tsiron da allurai ke narkar da shi tas. Akwai kuma mugu, wanda babu abin da za mu iya sai sauƙaƙa masa. A wannan wurin ido ba ya raba su. Ɗakin gwaji ne zai yanka wannan naman siriri, ya duba, ya gaya mana wanne ne."

Na ce, "Likita, ba za a yi allurar kawai ba?"

"Maganin yana da ƙarfi, a jijiya ake sa shi. Ba na zuba wa dabba shi a kan zato."

Ta faɗi kuɗin gwajin. Aikin ya riga ya cinye abin da na zo da shi, ko na komawa gida sai da na ƙirga sau biyu. Ta ce ba komai, ruwan da ke ciki zai riƙe naman watanni muddin ba a buɗe ba. In tafi da ita, in na sayar da albasa in dawo da ita. Na sa kwalbar a baƙar leda, na cusa a aljihu, muka kamo hanya.

Tunda Jatau yana bukatar kulawa, ban mayar da shi rafi ba. Na kafa masa 'yar rumfa a bayan dangar gidanmu, ta waje, na shimfiɗa masa buhu. Rabi ta dama kunu mai ruwa-ruwa, na dinga ɗura masa ta gefen baki da sirinjin da aka cire wa allura.

Washegari bayan la'asar muna zaune a zaure, Yaya ya ce wai me aka cire ne haka da ya ci kuɗi. Maimakon in yi shiru, sai na zaro kwalbar na ɗaga ta a haske, ina bayani kamar ni na yi aikin. Yaya ya yi dariya har da buga cinya.

"Ikon Allah. An cire, an cire. Me kuma za a gwada? Naman ne zai yi magana? Kai, mutanen birni sun iya cin kuɗin ƙauye. Sun yanki kare, yanzu kai za su yanka."

Kafin magariba labari ya shiga cikin gida. Na ajiye kwalbar a wani ɗan rami a bangon ɗakina, inda nake sa irin albasa. Bayan kwana biyu na duba, babu ita. Rabi ta sunkuyar da kai ta ce Inna ta shigo da muna rafi.

Na sami Inna tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, wata kwalba ce a ɗakina."

"Na binne."

"A ina?"

"A ƙasa."

Ba ta ko ɗago ba. Na ce, "Inna, gwaji za a kai."

"Auta, tun da na buɗe ido a duniya, abin da aka yanke a jikin mai rai binne shi ake yi. Cibiyarka binne ta na yi. Gashinku da farcenku ban taɓa barinsu a fili ba. Kuma abin da ya rabu da jikin dabba tana raye mushe ne, tambayi yayanka. Mushen kare a ɗakin da kake salla, kusa da irin da za mu ci? Lokacin da wanzami ya cire wa ubanku abu a wuya, wa ya kai gwaji? Aka cire, aka binne, muka gode wa Allah. Ko karen ya fi ubanka ne?"

Baba bai ga kakar shekarar da aka yi masa wannan aikin ba. Maganar ta zo min har baki, na haɗiye ta. Ba a gaya wa uwa haka.

Na nema. Na tona juji, na tona gindin zogale, na duba bayan rumbu da kwararon makewayi. Yaran unguwa suka ce Sabi'u yana haƙar zinare. Ban samu ba.

Abin da ya kashe min jiki shi ne Jatau ya murmure. Ɗinki ya kame, ya koma cin ƙanzo, ya yi ƙiba, har ya fara bin ƙadangaru. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Malam Sabi'u, ya mai jiki? An kai gwajin kuwa?" Yaya kuwa in ya ga karen yana tsalle sai ya ce, "Ga sakamakon nan yana gudu da ƙafa huɗu." Har ni ma na fara dariya tare da su. Aka cire albasa, aka sayar, na bar zancen kwalba.

Da zafin bazara ya kama, atishawa ta dawo. Na ɗaga leɓe, sai ga tsiron ya dawo. Wannan karon ba ɗaya ba ne, gungu ne, kuma ya bi ta cikin hanci. A mako guda gefen fuskarsa ya kumbura har ido ɗaya ya ƙanƙance. A na biyu wari ya fara. Ƙudaje suka same shi, na dinga cire tsutsa da tsinke safe da yamma, ina wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Yana numfashi ta baki, da wani sauti kamar ana jan ruwa da tiyo mai huji. Rabi, da a da ko kusa da shi ba ta zuwa, ita ta dinga riƙe min kansa da tsumma. Ta yanka tsohon gidan sauro ta rufe masa rumfar. Duk da haka in ya ji takuna sai wutsiya ta bugi ƙasa.

Na kira likita a waya. Ba ta yi min faɗa ba, na ma fi son da ta yi.

"Ɗaya daga biyu, Malam Sabi'u: ka kawo kwalbar, ko ka kawo karen in ɗebi wani naman. Kwalbar ta fi sauri, shi kuma ya huta da jijjigar hanya. Amma kar ka daɗe."

Na koma wa Inna. Wannan karon ba durƙuso na yi ba, zubewa na yi a ƙasa, ni mai 'ya'ya, ina roƙo.

"Inna, don girman Allah. Ba sai kin taɓa ba. Ki nuna min da baki kawai."

"Ba na tone abin da na binne."

"Zai mutu, Inna."

"Kare nawa suka mutu a garin nan? Tashi ka ba ni wuri, kana warinsa."

Ban taɓa sanin mutum zai iya son uwarsa ya kuma ji zuciyarsa tana tafasa a kanta a lokaci guda ba, sai ranar.

Saura hanya ɗaya, in kai karen. Na je wa Ɗanladi. Ya zo ya leƙa rumfar, ya toshe hanci da hularsa, ya ja baya. Ya ce in masu tumatir suka ji ya ɗora wannan a kan kayansu, ya gama sana'a. Ban ga laifinsa sosai ba, amma na ji haushinsa. Na gwada ɗaure kwando a bayan babur, ba mu kai bakin titi ba jini ya ɓalle masa, dole na juyo. A ƙarshe Ɗanladi ya ce akwai ranar da zai shiga Kano ba kaya, zai ɗauko takin zamani. In jira wannan ranar, in kuma wanke masa mota da kaina.

Kafin ranar ta zo unguwa ta tashi. Aka ce ciwon daji ne, yana bin iska. Wata maƙwabciya ta ce ɗanta ya yi ƙurji a leɓe tun da ya wuce ta bayan dangarmu. Aka kai ƙarata wajen mai unguwa. Na tambayi limaminmu, ya ce karen gona halal ne a riƙe shi, kuma jinyarsa akwai lada. A hankali ya faɗa min, yana waige-waige, kuma bai maimaita a gaban kowa ba.

Yaya ya tare ni a zaure.

"Ka mayar da mu abin nuni. Ko ka san yadda za ka yi da shi, ko ni in sani."

"Yaya, jibi za mu tafi. Na gama magana da Ɗanladi. Jibi kawai."

"Allah ya kai mu," in ji shi. Na ɗauka amincewa ce.

Washegari ranar kasuwar Tsanyawa ce. Na wanke wa Jatau fuska, na ɗura masa kunu, na ja ɗan akuyata na tafi in sayar saboda kuɗin asibiti. Ciniki ya yi kyau. Har na sayo masa romon kai a leda, don likita ta ce a ba shi abin da zai ƙara masa ƙarfi.

Na dawo ana kiran la'asar. Na bi ta bayan danga kamar kullum. Gidan sauron a yaye, buhun yana nan, igiyar tana nan. Babu kare.

A ƙofar gida na tarar da Yaya a tsugune yana alwala da wata sabuwar buta koriya, ko takardar da ke manne a cikinta ba a ɓare ba.

"Yaya, ina Jatau?"

Sai da ya gama wanke ƙafa ta biyu, ya yi addu'arsa.

"Mutanen nan ne suka zo, masu keji a bayan babur. Na hutar da kai."

Kowa a yankinmu ya san su. Suna bin ƙauyuka suna karɓar karnuka, su ba da bahon roba ko bokiti, su kai su inda ake cinsu.

"Sayar da shi ka yi?"

"A'uzu billahi! Ni zan ci kuɗin kare? Ai haramun ne, kai ma ka sani. Kyauta na ba su. Su kuma don jin daɗinsu suka yi min kyautar buta." Ya ɗaga ta yana juyawa. "Da lafiyayye ne baho za su bayar. Sun ce wannan fuskar ba ta wuce buta ba."

Ledar romon ta faɗi daga hannuna. Na hau babur na bi hanya har titin kwalta, na yi gabas, na yi yamma, ina tambayar masu faci da masu sayar da mai a kwalba. Wani ya ce ya gan su tun kafin azahar. Na tsaya a bakin titi kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba.

Rabi ce ta ba ni sauran labarin, da ma ba ta ba ni ba. Ta ce da Jatau ya ga baƙi sai ya shige can ƙuryar rumfa ya ƙi fitowa. Sai Yaya ya tsuguna, ya miƙa hannu, ya kira shi: "Jatau, zo. Zo mana, Jatau." Shekarun nan duka Yaya bai taɓa kiransa da suna ba, "karen nan" yake cewa. Jatau ya taso yana tangaɗi, yana kaɗa wutsiya, ya zo har gabansa. A nan suka maƙe masa wuya da ƙarfe.

Da safe na je gaida Inna, don ko me aka yi maka sai ka gaida uwarka. Ta amsa, ta tambayi kwanan iyali. Har na miƙe sai ta ce:

"Tunda mai ita ya tafi, kwalbarka tana ƙarƙashin rumfarsa. Abin kare ai a wurin kare ake sa shi. Ka tone ka kai ta nesa, ina so a shuka kuɓewa a wurin."

Na ɗaga buhun da na yi makonni ina durƙusawa a kai ina cire tsutsa. Na sa fartanya sau uku ko huɗu, sai ga baƙar leda. Murfin a rufe gam, naman yana lilo a ruwansa kamar jiya aka sa shi.

Rabi ta ce, "Malam, ka jefar. Me zai ƙara maka yanzu?"

Na ce ina so a gaya min mugun ne. Ina so likita ta ce ko an kawo tun farko babu abin da za a iya, in samu in yi barci, in iya kallon Inna da Yaya. Da kuɗin ɗan akuyan na shiga bas, wannan karon babu direban da ya hana ni kujera. Likitar tana ɗakin aiki da na isa. Na ba ma'aikacin da ke kan tebur kwalbar, na biya, na fito da sauri. Ban iya cewa karen ba ya nan ba.

Har an yi ruwan shuka, ina gona ina bin layin shuka, waya ta yi ƙara.

"Malam Sabi'u, albishirinka!"

Bakina ne ya ce "goro", ba ni ba.

"Mai sauƙin ne! Irin wanda karnuka ke ɗauka a junansu wajen shinshina da lasa. Ba ya kama mutum ko kaɗan, ka gaya wa mutanen gida su kwantar da hankali. Allura ce ɗaya duk mako, 'yan makonni kaɗan, za ka ga yana narkewa da idonka. Ko ya kumbura yaya, kawo shi. Gobe za ka iya?"

Na zauna a kan kunyar gona. Ta yi ta cewa, "Kana ji na? Malam Sabi'u?" Da na gaya mata abin da ya sami karen, sai ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Ita kaɗai ce ta yi min ta'aziyya, ita da Rabi.

Na kai labarin gida, don ina so su ji. Yaya ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Ko za ka ja da ƙaddara?" Inna ta ce, "To ai ka huta, ka san sunan ciwon." Yaron maƙwabciya kuwa ƙurjinsa ya warke da kansa tun kafin a yi shuka, uwarsa ta ce ai don an kawar da karen ne.

Ina gode wa likitar nan, Allah ya ƙara mata sani. Ina gode wa Rabi da ta riƙe kan kare da hannunta alhali tana ƙyama. Ɗanladi, na gode da tafiyar farko. Sauran kuwa, Allah ya san abin da kowa ya yi, ni ba zan ƙara ba.

Ga abin da na ce zan faɗa. In an yi wa dabbarka aiki, likita ya ce a gwada abin da aka cire, to a gwada. Warkewar ɗinki ba ita ce warkewar ciwo ba. In ba ka da kuɗin a ranar, ka roƙi asibitin su ajiye maka kwalbar, ka bar musu wayarka jingina in ta kama. Kar ka kai ta gida. Kar ka ɗaga ta a zaure kana bayani. Wannan ba a kan dabba kaɗai na faɗa ba, duk wanda aka cire wa wani abu a gidanku, ku tambayi inda aka kai shi.

Kuɓewar Inna ta yi kyau a wurin, an ci, an yi busasshiya. Butar ma tana nan. Roba ce mai ƙwari, ba ta fashe ba, launinta ne kawai ya ɗan koɗe. Sau biyar a rana nake ganinta a ƙofar gida.

Shekaranjiya na dawo daga gona a makare, ana shirin tayar da magariba, duk butocin zaure an kwashe. Yaya ya gama alwalarsa, ya turo min ita da ƙafa.

"Ga ruwa, da saura." Ya gyara hularsa, ya taka zuwa masallaci, sai ya juyo. "Af, Sabi'u, rani fa ya matso, ka ga an fara zancen ɓarayin inji. Ya kamata ka samo mana wani karen."

Na tsaya a kan butar, hannuna a bushe, har liman ya yi sallama.